Yadda Za Ka Watsa Bidiyo Kai-Tsaye Kana Cikin Mota Ba Tare da Sabis Ya Ba Ka Kunya Ba

Tambayar yadda za a watsa bidiyo kai-tsaye daga cikin mota ta yi ta zuwa daga masu ɗaukar ayarin biki, da 'yan jaridar da ke bin tawaga, da matasan da ke raka malamai wa'azin ƙasa, har da 'yan kasuwar da ke son nuna wa abokan hulɗa cewa kaya sun taso. Kukan kusan iri ɗaya ne: a cikin gari komai lafiya lau, da an wuce Kura ko an bar Kawo a baya sai hoto ya daskare, murya ta riƙa tsinkewa, masu kallo su watse. Yawanci kuma da tambaya ɗaya ake rufewa, wai wane layi ne ya fi ƙarfi.

Babu layin da ya rufe hanyoyin Arewa gaba ɗaya, don haka neman layi mafi ƙarfi ba zai fisshe ka ba. Abin da ke riƙe bidiyo a hanya shi ne ka san inda sabis yake tun kafin ka tashi, ka rage nauyin abin da kake turawa, ka kuma tanadi layi na biyu. Ga matakan a jere.

1. Tabbatar an buɗe maka ƙofar kai-tsaye

Kada ka bari sai ranar tafiya. YouTube na neman mabiya aƙalla 50 kafin ya bar ka ka watsa daga waya, kuma in karo na farko ne, kunna damar kan ɗauki har awa 24. TikTok yakan nemi mabiya wajen 1,000 da shekara 18. Facebook na son asusu ya kai kwana 60, shafi kuma ya kai mabiya 100. Kamfanonin kan sauya waɗannan sharuɗɗa, saboda haka ka yi gwajin minti biyu daga gida, ka ga da idonka cewa maɓallin yana aiki.

2. Auna hanyar kafin ranar aiki

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani.

Fara da taswira. Manhajojin Opensignal da nPerf suna nuna inda mutane suka samu 3G da 4G da 5G a kan kowane layi. Buɗe hanyar da za ka bi, ka duba MTN da Airtel da Glo ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ka sani cewa taswirar daga wayoyin mutanen da suka sauke manhajar ake haɗa ta. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kusan kilomita 375, tana da bayanai da yawa. Hanyoyin ƙauye kuwa za ka iya ganin su fari fat, alhali akwai sabis, ko ka ga alamar sabis ta bara a wurin da ƙarfen sabis ya daina aiki.

Shi ya sa za ka haɗa da tambaya. Direbobin tasha sun fi kowace taswira sanin inda waya ke ɗaukewa, domin kullum suna kiran masu karɓar saƙo. Ka sami direban da ke bin hanyar, ka gaishe shi, ka ce, "Malam direba, don Allah daga ina zuwa ina ne sabis ke ɗaukewa, kuma wane layi ne ke fara dawowa?" Masu POS na bakin titi ma shaidu ne nagari, tunda abincinsu a kan sabis yake. Layin da ka ga sun sa a na'urarsu, shi ne mai aiki a garin.

In da hali, bi hanyar sau ɗaya kafin ranar, ko ka roƙi wani da zai bi ta. A kowane gari a tsaya a yi gwaji da manhajar auna gudun intanet ta Speedtest a kan kowane layi, a rubuta a takarda: sunan gari, layi, da adadin da ya fito. A hanyar Kano zuwa Kaduna, misali, sai ka auna a Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, Zariya da Jaji. A ta Maiduguri kuma Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu. Tsakanin garuruwan ma ka riƙa kallon waya, domin a nan ne ramukan suke, wato wuraren da sabis ke ɗaukewa. Wuraren daji mai tsawo irin Falgore a hanyar Kano zuwa Jos, ka ɗauka tun farko cewa ba wurin watsawa ba ne, sai in gwaji ya nuna maka akasin haka.

Gargaɗi: Speedtest na ba da lamba biyu, ta saukewa da ta ɗorawa, duka a ma'aunin megabit a daƙiƙa. Mai kallon bidiyo ta saukewa yake buƙata, kai mai turawa ta ɗorawa ce taka, wadda aka rubuta Upload a kanta. Sau da yawa za ka ga ta saukewa ta kai 20, ta ɗorawa ba ta kai 2 ba. Dalili kuwa shi ne ƙarfen sabis yana da babbar eriya da wuta mai ƙarfi, wayarka kuma da ɗan batirinta take amsa masa daga nisan kilomitoci. Wanda ya dubi lamba ta farko ya saki jiki zai sha mamaki.

Gargaɗi na biyu: cikar sandunan sabis a saman waya ba ta nufin akwai hanya. Sandunan suna nuna kusancinka da ƙarfe ne kawai, ba sa nuna yawan mutanen da ke kansa. Ranar kasuwa, ko ranar Hawan Daushe, ko wurin Maulidi, sabis zai cika taf amma ko hoto ɗaya ba zai tafi ba. Don haka ka yi gwajin a irin rana da irin lokacin da za ka yi aikin. Mai son lamba ta gaskiya ya sauke Network Cell Info, ya duba ma'aunin ƙarfin sabis da ake kira RSRP: daga -80 zuwa -90 yana da kyau, wajen -100 ana lallaɓawa, in ya kai -110 ko ya zarce, kada ka sa rai da bidiyo.

3. Layi biyu a na'ura biyu

Waya mai layi biyu ba ta warware matsalar. Yawancin wayoyin nan layi ɗaya ne ke ɗaukar data a lokaci guda, kuma sauyawa zuwa ɗayan kan ci daƙiƙu masu yawa, bidiyo ya yanke. Abin da ya fi shi ne layi ɗaya a cikin wayar da ke ɗauka, layin wani kamfani daban a cikin MiFi, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa layi ta ba da Wi-Fi, ko wata wayar da za ta ba da Hotspot.

Wajen sayen MiFi, ko a Farm Centre ta Kano ne ko a Banex ta Abuja, ka nemi wadda ke karɓar kowane layi. Waɗanda kamfanoni ke sayarwa da araha galibi a kulle suke da layinsu. Ka kuma duba kwalin ko tana ɗauke da Band 20 da Band 28, wato zangon 800 da 700. Ƙananan zangon nan su ne ke tafiya nesa su ratsa bishiyoyi, kuma su ne ke ceton mutum a bayan gari. MTN na amfani da 800, Glo kuma da 700. Akwai wayoyi da MiFi da aka yi wa wata ƙasa, ba su da waɗannan, sai su yi aiki a birni su mutu a ƙauye, mai su yana ta zagin layi.

Maganar 5G kada ta ɗauke maka hankali. MTN ta fara shi a 2022 a birane bakwai da suka haɗa da Kano, Abuja da Maiduguri, Airtel ta biyo a 2023, amma harkar cikin birni ce. A kan titi 4G ne abokin tafiyarka.

Gargaɗi: layi biyu ba kullum ne hanya biyu ba. Ƙarafan sabis da yawa mallakar kamfanoni irin IHS ne, layuka daban-daban suna haya a kan ƙarfe ɗaya. In janaretan wurin ya mutu, ko masu aikin titi suka tsinke wayar fayiba da ke ƙarƙashin ƙasa, duk sai su ɗauke tare. Haka kuma tun 2025 masu layin 9mobile, wanda ya koma T2, suna hawa kan sabis ɗin MTN a wurare da dama, don haka haɗa waɗannan biyun ba ya ƙara maka kariya sosai. Ka kuma duba layin ajiyarka da *996# ko yana haɗe da lambar NIN, domin layin da ya daɗe a aljihu ba a amfani da shi kan tashi a rufe.

Akwai manhajar Speedify da ke haɗa datar waya da ta MiFi su yi aiki tare, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta riƙe ba tare da an yanke ba. Ana biyan ta, tana kuma ƙara cin batiri, amma ga mai yin wannan aiki don neman abinci ta cancanci kuɗinta. Gidajen talabijin da na'ura irin LiveU suke yin haka, mai ɗaukar layuka da yawa. Tsadarta ta wuce mai waya ɗaya. Starlink ya shigo Najeriya a 2023 kuma ba ya buƙatar ƙarfen sabis, sai sararin sama a buɗe, amma tsarin gida da adireshi aka ɗaure shi. Kafin ka ɗora shi a kan mota ka tabbatar tsarin da ka biya ya yarda da yawo.

4. Lissafin data da kuɗi

Lissafin mai sauƙi ne. Duk megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Ke nan in kana turawa a kan 1.5 za ka ci kusan megabait 675 a awa, a kan 2.5 kuma gig ɗaya da ɗan ɗori, wajen 1.1. Sauti yana ƙara kusan megabait 60 a awa. Aikin awa uku a kan 2.5 zai ci gig uku da rabi. Ƙara rabin wannan saboda gwaji da sake haɗawa da karanta saƙonnin masu kallo, ka ga gig biyar ke nan a babban layi, sai aƙalla biyu ko uku a na ajiya.

Kuɗin data ya tashi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, don haka kada ka yi aiki da tsohon farashin da ke kanka. Danna *312# a kowane layi ka ga na yau, ka raba kuɗin da yawan gig ka san nawa gig ɗaya ya tsaya maka. A ce ya tsaya naira 500, to gig takwas naira 4,000 ne. Ragowar data kuma da *323# ake dubawa. Lambobin nan iri ɗaya ne a duk layukan Najeriya tun 2023.

Gargaɗi: karanta sharaɗin tsarin kafin ka saya. Datar dare ba ta aiki da rana. Datar da aka ware wa Facebook ko TikTok kaɗai ba lallai ta ɗauki bidiyon da ka tura ta wata manhaja ba. Tsarin da ake cewa ba ya ƙarewa kuwa yana da iyaka, da ka kai ta sai a rage maka gudu. Ka sayi komai tun daga gida, domin manhajar banki ma sabis take jira.

A wajen kaya, in kuɗi bai isa duka ba, ga yadda zan jera su: fawa-banki da caja mai kyau, sai mariƙin waya, sai MiFi, sai ƙaramin makirufo. Na'urar hana girgiza ita ce ta ƙarshe.

5. Rage nauyin bidiyon

A nan ne son kyau ke kashe aiki. Mutum ya sayi waya mai kyamara mai kyau, ya ce sai 1080p, alhali sabis ɗin da ke hanyar ba zai ɗauka ba. Kamar ka ɗora wa Keke Napep lodin tirela ne. Mai kallo a wayarsa ba zai bambance 720p da 1080p sosai ba, amma zai gane hoton da ya tsaya cak, kuma zai fita.

Manhajojin Facebook da TikTok su ke zaɓa maka nauyi da kansu. In kana son iko a hannunka, yi amfani da Prism Live Studio ko Larix Broadcaster, ka saita kamar haka. Girman hoto 720p a kan babbar hanya, 480p a hanyar da gwajinka ya nuna rauni. Hotuna 30 a daƙiƙa, kada ka sa 60. A inda aka rubuta Bitrate, wato nauyin bidiyo, sa tsakanin 1,500 da 2,500 ga 720p, ko 800 zuwa 1,200 ga 480p; a nan 1,000 daidai take da megabit ɗaya. Sannan ka kunna Adaptive bitrate, wanda ke rage nauyi da kansa idan sabis ya yi ƙasa, ya mayar idan ya dawo.

Ƙa'idar zaɓe ita ce kada nauyin bidiyonka ya wuce rabin mafi ƙarancin lambar ɗorawa da ka samu a yankin da za ka watsa. In mafi ƙaranci 3 ne, tsaya a 1,500. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin fiye da kilomita ɗaya da rabi a minti, wayarka tana ta sauka daga wannan ƙarfe tana hawa wancan, kuma kowane sauyi yana ɗan girgiza gudun. Ragowar rabin nan shi ke shanye girgizar.

In a YouTube kake, bar jinkirin a kan Normal latency. Hira da masu kallo za ta yi ɗan nawa, amma hoto ya fi tsayuwa a wurinsu. Ka kuma kashe Auto-stop don kada shirin ya rufe kansa da an ɗan yanke.

Kada ka taɓa rage ingancin sauti don ka ƙara wa hoto. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu-duhu in suna jin magana sarai. Ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, da rufe gilashi saboda iska, sun fi kowane saiti gyara shiri.

6. Wuta, zafi da mazaunin waya

Kyamara da data da hasken allo a lokaci guda suna shan batiri fiye da yadda ƙaramar caja ke zubawa. Nemi cajar mota mai saurin caji, da igiyar caji mai kauri gajera, da fawa-banki mai 20,000 mAh a cike. MiFi ma tana buƙatar nata caji.

Zafi ya fi ƙarewar batiri haɗari. Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba, mu kuwa a watannin Maris zuwa Mayu iska kanta tana wuce 40. Wayar da aka manna a gilashin gaba rana na dukanta za ta rage gudun kanta, ta dusashe allo, ƙarshe ta kashe kyamara. Cire mata riga, rage hasken allo, sa ta inda iskar AC ke bugawa, ko ka yi mata inuwa da farin ƙyalle. Kada ka ɗora mata ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi, raɓa za ta taru a cikinta.

MiFi kuma kusa da taga ake ajiye ta, a sama, cikin inuwa. Jikin mota ƙarfe ne, yana tare sabis. Wadda aka jefa cikin jaka a ƙasan kujera ta yi asarar rabin amfaninta.

7. Minti goma kafin a tashi

Kashe sabunta manhajoji da ajiyar hotuna ta Google Photos ko iCloud, domin suna cin hanyar ɗorawa a ɓoye. Rufe WhatsApp ko ka hana shi sauke bidiyo. Kunna ajiye kwafin bidiyo a cikin waya, ka tabbatar akwai fili aƙalla gig biyar.

Gargaɗi: kiran waya shi ne babban mai yanke shiri. In layinka ba ya kan VoLTE, wato tsarin yin kira ta 4G, kira na shigowa waya za ta sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G. In kiran a layi na biyu ya shigo, data kan tsaya gaba ɗaya. Yanayin hana damuwa, wato Do Not Disturb, yana kashe ƙara ne kawai, kiran yana shigowa. Maganin shi ne ka karkatar da kira zuwa wata waya, ko ka sa wayar ɗauka a yanayin jirgi ka kunna Wi-Fi kaɗai ta sha daga MiFi, layin ajiya kuma ya koma wata wayar da ke ba da Hotspot.

A wasu wayoyin Android ana iya kulle waya a kan 4G kaɗai ta hanyar danna *#*#4636#*#*. Yana hana ta faɗawa 3G ba dalili, amma ka tuna ka mayar bayan aiki, in ba haka ba kira na iya daina shigo maka.

8. A kan hanya

Direba ba ya riƙe waya, ba ya karanta saƙon masu kallo, ba ya juyowa ya gaisa da kyamara. Laifi ne a dokar hukumar kiyaye haɗura, kuma rayukan mutane ne a hannunsa. Mai ɗauka daban, mai tuƙi daban. In kai kaɗai ne a motar, sai ka faka.

Kada ka yi niyyar watsa tafiyar tun daga tashi har sauka. Ɗauko takardar gwajinka, ka yanka shirin gida-gida: minti goma sha biyar a inda sabis ke da kyau, sai ka sanar da masu kallo cewa za a shiga wurin da babu sabis, a haɗu da ƙarfe kaza. Ka rufe da kanka tun kafin ramin, ka ci gaba da ɗauka a cikin waya. Muhimmiyar magana, kamar hira da wani ko jawabin malam, a tsaye ake yin ta, a gari, a wurin da ka auna. Ka sa wani a gida yana kallo, ya riƙa turo maka gajeren saƙo a wata wayar in hoto ya tsaya, domin kai a naka allon komai zai yi kamar yana tafiya.

Gargaɗi, kuma wannan ya fi duk na baya nauyi: bidiyon kai-tsaye yana gaya wa kowa inda kake a daidai wannan lokaci, har da wanda ba ka so ya sani. A hanyoyin da ake fama da masu garkuwa da mutane, kada ka faɗi sunan garin da kuke ciki ko wanda za ku shiga, kada ka nuna allon kilomita, lambar mota, ko yawan motocin ayari. Ka ambaci wuri bayan kun bar shi da nisa. Kashe kyamara kafin shingen jami'an tsaro. A motar haya kuma kada ka haska fuskar fasinja sai da izininsa, musamman mata da yara. Ka kuma bi labarai kafin tafiya, domin hukuma kan rufe sabis da gangan saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumbar 2021, da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna bayan nan. A irin wannan hali babu layin da zai yi aiki.

9. Idan ya yanke

Kada ka yi saurin rufe shirin. Ba manhajar daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya ta sake haɗawa da kanta. In bai dawo ba, koma ɗaya layin. In shi ma shiru, kunna yanayin jirgi na daƙiƙa goma ka kashe, wannan yana tilasta wa waya ta saki ƙarfen da aka baro a baya ta kama na kusa. In sabis ya dawo da rauni, sauka zuwa 480p ka ci gaba. Inda za a tsaya don neman sabis, tudu ya fi kwari, fili ya fi gindin dutse, amma kada a tsaya a daji saboda bidiyo. A ƙarasa gari.

10. Masu tsallaka iyaka

Mai zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko Damagaram ta Kongolam, ko Birnin Ƙonni ta Illela, ya kashe Data roaming tun kafin ya kai iyaka, domin waya kan kama sabis ɗin ƙetare tun kana wannan ɓangaren, kuɗin kuma ba ɗaya ba ne. In aikin zai ci gaba a Nijar, sayi layin can, Airtel ko Moov ko Zamani, ka yi masa rajista da takardar shaida, ka sa a MiFi. Datar Airtel ta Najeriya ba ta bin ka can don kawai sunan kamfanin ɗaya ne. Sai ka sake yin gwajin mataki na biyu daga farko.

11. Bayan an sauka

Ɗora cikakken kwafin da waya ta ajiye, saboda waɗanda shirin ya yanke musu. Sauke na Facebook ma ka adana, domin tun Fabrairun 2025 yana goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30. Gyara takardar gwajinka da abin da ka gani yau, ka rubuta kwanan wata a kai. In akwai garin da layinka ya daɗe ba ya aiki, kira 300 ka kai ƙara wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba a gyara ba, kira NCC a 622, kyauta ne, ka ba su wannan lambar da sunan garin.